Azumin da Na Rubuta Baba Alhassan Bai Zo Ba

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan ba da labarinsa ya haura shekara goma, kuma ni mutum ne da ba ya cika yarda da ƙwaƙwalwarsa. Ƙaramin littafin da na riƙa rubutu a ciki a lokacin yana nan a akwatina, amma sunaye da ranaku kawai ya riƙe, bai riƙe maganganun mutane ba. Saboda haka inda na ce wani ya ce kaza, a ɗauka cewa kusan haka ya ce. Mai yiwuwa na haɗa yini biyu na mayar da su ɗaya, mai yiwuwa kuma haushi ya ƙara wa wasu abubuwan gishiri ban sani ba.

Azumin bana ya zo mana cikin sanyi. Ina tashi daga ofishin ajiye bayanan marasa lafiya inda nake aiki, kafin jirgin ƙasa ya kai ni unguwarmu ta Jamaica an sha ruwa, dabino biyu a aljihun kwat sun wadatar. Ƙishirwa ba ta ko gaishe ni. A cikin wannan sauƙin ne saƙo ya shigo min daga wata mata a Ingila. Ta ce ita 'yar Kolin ce, mahaifinta ya mutu a ƙarshen kaka, tana tattara labaransa daga duk inda ya buga ƙwallo, kuma an ce mata ni ne sakataren ƙungiyar da ya horar a Bronx. Ta haɗo min da wani shafi na intanet da aka jera kulob-kulob ɗin da ya yi wa wasa. Na ƙirga goma sha ɗaya, ita ta ce sha biyu ne. Tamu ba ta ciki.

Na yi kwana shida ban ba ta amsa ba. Ban ƙaunaci mahaifinta ba, kuma ban san yadda ake gaya wa marainiya haka ba.

Shekarar da nake magana, azumi ya faɗo a tsakiyar zafin Yuli. Wanda bai yi irinsa a garin nan ba zai ɗauka mu 'yan Arewa ba mu da bakin kuka da zafi. To, na gida zafi ne busasshe, ka samu inuwa ka huta. Na nan jiƙaƙƙe ne, yana manne wa mutum kamar rigar da ba ta bushe ba, kuma rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas. Ledojin shara da aka jibge a bakin titi suna dahuwa tun hantsi. Idan ka sauka tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa sai ka ji kamar an rufe ka a tukunya. Yara suna buɗe famfon kashe gobara ruwa yana malala a kwata, masu turin ƙanƙara mai zaki suna kaɗa ƙararrawa a kowace kwana, kai kuma harshenka ya manne a dasashi, ga matattakalar Highbridge a gabanka da sai ka hau ta kafin ka isa gida.

Ina da digiri na biyu a lokacin, amma kaya nake jerawa a wani shagon magani. A gidan Baba Alhassan nake zaune, hawa na biyar, babu lif. Baba mutumin zangon Kumasi ne, direban tasi, ya doshi hamsin. Ba danginmu ɗaya ba, ba ƙasarmu ɗaya ba. A masallaci ya gan ni da jaka ina rarraba ido, ya ce in biyo shi, na kwana a falonsa wata goma sha huɗu. Esi mai sanyaya ɗaki guda ɗaya ne a gidan, a tagar ɗakinsa yake, da zafi ya tsananta ya ciro shi da kansa ya dasa min a falo, wai shi fanka ta fi masa. Karaci yake kirana, sunan da mutanen Gana ke ba mai boko.

Shi ya kafa ƙungiyarmu ta ƙwallo, shi ne kuma mai tsaron gidanta tun farko. Mu kusan ashirin ne, 'yan Gana da 'yan Nijar da mu 'yan Najeriya, kowa da irin Hausarsa. Duk shekara, kashegarin Sallah, muna karawa da ƙungiyar 'yan Senegal, mata da yara su zo da shinkafa su cika bakin fili. A farkon wannan bazarar Baba ya sanar cewa bana ce ta ƙarshe. Zai tsare gida rabin farko, a hutun rabin lokaci ya cire safar hannunsa a gaban jama'a ya miƙa wa wanda zai gaje shi, a yi masa addu'a. Haka aka yi wa ɗan wasan bayanmu na farko da zai bari. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma kowa ya sani.

Matsalar ita ce 'yan Senegal sun ci mu shekara uku a jere, samarinmu kuma sun gaji da gori a shagon aski. Wani daga cikinsu da ke lodin kaya a filin jirgi ya ce akwai wani Bature a wurin aikinsu da ya yi ƙwallon kuɗi a Ingila. Haka Kolin ya shigo mana.

Dogo ne, jajir, gwiwarsa ta hagu duk ɗinki. Yana da wata tsohuwar jaka da aka ɗinke ta da tambarin kulob-kulob. Mu da ke kallon manyan Ingila duk safiyar Asabar, babu tambari ɗaya da muka gane. Isuhu, ɗan Maraɗi mai sayar da jakunkuna a Canal Street, wanda bakinsa ya fi ƙafarsa kaifi, ya juya jakar ya tambaya ko a Ingila ma ƙauyuka suna da kulob. Kolin bai yi dariya ba. Ya karɓe jakarsa, ya bi tambarin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Na farko na garinsu ne, ya shiga yana ɗan shekara sha shida yana goge takalman manya, suka sallame shi kafin ya cika ashirin. Na biyu a wani garin masunta, inda ya ce har ciyawar filin ƙarnin kifi take. Daga can aka ba da aronsa na wata guda ga wani kulob da filinsa ya karkace, rabin lokaci kana hawa, rabi kana gangara. Wani ya faɗo rukunin ƙasa da shi a ciki. Wani kocin da ya kawo shi aka kora, sabon ya zo da nasa mutanen. A na bakwai ko na takwas gwiwar ta tafi. Na ƙarshen, 'yan wasan da rana magina ne da masu fenti, su suke wanke rigunansu. Kowane tambari mataki ne zuwa ƙasa, kuma yana faɗa yana ɗaga kai kamar lambobin yabo yake nunawa.

Abin da ya kwaso daga duk wannan yawon doka ɗaya ce: wanda bai zo horo ba, ba zai buga ba. Kuma ba a gaya wa mutum baki da baki, takarda ake mannawa a bango kowa ya nemi sunansa. Ya ce haka aka yi masa a ko'ina, kuma shi ne adalci, domin takarda ba ta san fuskar kowa ba. Ya nemi wanda zai riƙa rubuta masu zuwa. Duk aka juyo aka kalle ni.

A da, da azumi ba ma horo. Mukan ɗan taɓa ƙwallo rabin awa kafin magariba, shi ke nan. Kolin ya sa biyar da rabi na yamma, sau huɗu a mako, domin a lokacin ne kawai muke da izinin filin. Filin ciyawar roba ne a gangaren unguwa kusa da kogi, babu bishiya ko ɗaya. Da la'asar zafinsa yana ratsa takalmi, baƙaƙen ƙwayoyin roba suna cika safa, idan ka faɗi fata take bari. Yana sa mu gudu daga layi zuwa layi har sai wani ya durƙusa yana kakarin amai babu abin da zai fito. Shi kuma yana tsaye da gorar ruwa, yana kurɓa yana furzarwa a ƙasa a gabanmu. Ba zan ce da gangan yake yi ba. Ina jin dai bai taɓa tsayawa ya yi tunanin yadda ƙarar ruwan nan take a kunnen mai azumi ba, kuma a wurina wannan bai fi gangan sauƙi ba. 'Yan Gana suna zaginsa da Turancinsu, 'yan Nijar da Faransanci, mu da Hausa, amma kowa yana zuwa, domin kowa yana son sunansa a takarda.

Abin da ya riƙe mu shi ne buɗa-baki. Duk ranar horo, daf da magariba, nakan ɗauki keken cefane in haura titi biyu in dawo da manyan kuloli uku: koko mai citta da barkono, ƙosai mai zafi, wata rana wake da shinkafa, da ruwan ƙanƙara. Nakan ce wani bawan Allah ne ya bayar. An ɗauka matan masallaci ne, ko wani mai shago. Mukan shimfiɗa kwalaye a gefen wayar da ta kewaye filin, mu zauna jiƙe da gumi muna kallon rana tana nutsewa bayan gadar jirgi. Kofin farko na kokon nan, har yau ban sha abin da ya kai shi ba. Kolin ma yana zama daga gefe, kuma idan ban yi masa ƙazafi ba, ya fi kowa cin ƙosai.

Baba Alhassan ne yake dafawa. Wannan ne abin da na riƙe shekara da shekaru.

Matarsa tana Gana a shekarar. Yakan jiƙa gero da wake bayan sahur, ya fita da tasi da asuba, ya katse aikinsa ƙarfe biyu, lokacin da fasinja suka fi yawa, ya hau hawa biyar ya shiga kicin ɗin da bai fi tabarma biyu ba. Ya surfa waken da hannu, ya markaɗa a ƙaramin inji kashi-kashi domin injin yana zafi ya tsaya. Ya ɗaure wa na'urar gano hayaƙi safa don kada ta yi ihu. Ya tsaya kan mai yana tafasa daga shi sai singileti da tawul a wuya, ba halin ɗanɗanawa, da hanci yake auna gishiri. Ni nakan dawo ƙarfe huɗu in tarar da gidan kamar gidan burodi, in taya shi sauke kulolin zuwa but ɗin mota, in wuce fili. Shi ya ƙarasa suya, ya ajiye motar a inda muka shirya, ya koma ya yi wanka. Sai an kusa kiran salla ya ɓullo a filin cikin farin kaftani, yana ƙamshin turare, kamar daga aiki yake. Har kushe kokon yake yi, wai mai damun nan ya cika ruwa.

Tun daren farko ya ɗaure ni. Ya ce abin da yake yi tsakaninsa da Ubangijinsa ne, idan mutane suka sani suka fara yi masa godiya, sun cinye masa ladan. Ya ce amana ce. Na ce na ɗauka.

Haka na zama mutum mai riƙe da abu biyu. Da biyar da rabi in buɗe littafi in ja layi a gaban sunan Baba, bai zo ba. Da takwas da 'yan mintuna in sha kokonsa. Na gaya wa kaina cewa duka biyun gaskiya ne, kuma babu wanda zai taɓa Baba ko me littafi ya ce.

Samarin suka fara magana. Isuhu ne kan gaba. Da Baba ya ɓullo sai ya ce a matsa wa Alhaji, ga gwanin buɗa-baki ya iso, wanda bai taɓa makara ba. Wata rana ya ce masa a gaban kowa, mi ya sa hancinsa ke jin ƙosai daga Manhattan amma kunnensa ba ya jin usur daga nan kusa. Aka yi dariya. Baba ma ya yi, ya ce shi tun Isuhu yana tallar goro yake tsare gida, ba Bature mai gwiwa ɗaya ne zai koya masa faɗuwa ba. Ni ina zuba wa mutane koko, ban ɗaga kai ba.

Wajen ashirin ga wata, idan lissafina daidai ne, hadari ya haɗo muna tsakiyar gudu. Sama ta yi baƙi ƙirin, iska ta kwashi kwalayenmu, ruwa ya sauko kamar da bokiti. Samari suka tsaya a ciki hannuwa a buɗe, kowa ya datse leɓɓansa kada ɗigo ya shiga. Turiri yana tashi daga robar filin. Ni na ruga ƙarƙashin gadar jirgi saboda kada littafin ya jiƙe, na tarar da Kolin a can. Ya karɓa ya duba, ya tsaya a kan sunan Baba, layi bayan layi.

Ya ce, "Tsohon nan, akwai dalili? In akwai, faɗa min yanzu."

Na tuna amana. Na tuna kuma cewa ba zan iya ƙirƙiro ƙarya in ce ba shi da lafiya ba. Na nemi wata magana a tsakani, wadda ba za ta tona shi ba kuma za ta kare shi, kuma yau na san akwai irinta guda goma. Da na ce akwai dalili amma ba nawa ba ne in faɗa, da ya isa. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Abin da ke littafin shi ne abin da ya faru."

Ya gyaɗa kai. Sai ya ba ni labarin da ban tambaye shi ba. A kulob ɗinsa na uku ko na huɗu, mahaifiyarsa ta kwanta asibiti, ya yi kwana biyu a wurinta, ya dawo ya tarar babu sunansa a bango. Wanda aka sa a gurbinsa ya yi kyau, shi ke nan bai sake komawa ba. Na ɗauka zai ce abin ya yi masa ciwo. Sai ya ce kocin ya yi daidai, kuma daga ranar bai sake fashin horo ba ko da zazzaɓi. A nan na tsane shi sosai. An wulaƙanta mutum sau goma sha ɗaya, bai koyi komai ba sai yadda ake yi wa wani.

Laifina na biyu ya fi na farko. Ban gaya wa Baba ba. Na gwada, a kicin, yana tsame ƙosai. Na fara da cewa a wasu ƙasashe akwai wani tsari, kuma mai yiwuwa wasu mutane su ɗauki wasu abubuwa ta wata fuska. Ya ce Karaci, in zan yi lacca in bari sai an sha ruwa, in miƙo masa matsami. Na miƙa masa. Na ce a raina gobe. Goben ta yi ta zuwa har kwana bakwai.

Saura kwana uku Sallah, Kolin ya ba ni sunaye da rubutun hannunsa ya ce in buga. Ya ce a gaban kowane suna in sa adadin horon da mutum ya zo, don kada a ce an yi son kai. Na buga a injin shagonmu lokacin hutu. Sha ɗaya a sama, 'yan benci a ƙasa, sai layi, sai waɗanda ba za su sa riga ba. Suna ɗaya ne a ƙarƙashin layin, da sifili a gabansa. Da hannuna na manna ta a wayar filin da filasta.

Baba ya iso a kan lokacinsa, cikin farin kaftani. Ya ga mutane sun taru, ya ciro tabarau ya karanta tun daga sama. Wani dattijo ɗan Gana ya fara cewa ai wannan ba tsarinmu ba ne, Kolin ya ce an amince da dokar tun ranar farko, kuma babu wanda ya kawo masa uzuri. Da ya faɗi haka ni ya kalla. Isuhu ya ce da Faransancinsa, bon, ai ba a hana Alhaji komai ba, sashen da ya ƙware a kai yana nan, ga kuloli can. Wasu suka yi dariya, ba duka ba. Baba ya ninke tabaransa. Aka kira salla a wayar wani, ya ɗauki dabino ɗaya, ya bi mu magariba a kan kwali, ya yi sallama ya tafi. Bai taɓa kokon ba.

Kashegari na dawo daga aiki ina tsammanin in tarar da kayana a bakin ƙofa. Na tarar da shi a kan mai. Ya nuna min kuloli da haɓa. Haka ya dafa har ranar ƙarshe, sai dai bai sake zuwa filin ba, samari kuma suka ce fushi yake don an hana shi abin da bai yi wa wahala ba. A yammacin ƙarshe na je ɗaukar kaya na same shi zaune a motar, abin da bai saba ba. Ya buɗe but. A kan kular koko ga safar hannunsa, an wanke ta an ɗaure da igiya. Ya ce in ba sabon golan, in ce masa ta hagun tana zamewa idan ta jiƙe. Na fara magana, ya ɗaga hannu.

"Karaci, na ce kada ka faɗa. Ban ce ka rubuta ba."

Ya ja motarsa.

Mun ci 'yan Senegal ɗaya da nema. Na so a ce an lallasa mu, Allah ya gafarta min, domin da an samu abin faɗa. Sabon golan ya yi ƙoƙari, aka ɗaga Kolin sama, matan da suka zo da niyyar yi wa Baba guɗa suka yi wa Bature. A hutun rabin lokaci babu abin da aka yi, kowa ya sha ruwa kawai. Kafin sanyi ya shigo Kolin ya koma wata ƙungiya a hayin kogi. Bai yi sallama da kowa ba, mabuɗin akwatin ƙwallaye ya aiko da shi ta hannun abokin aikinsa. Ina jin haka ya bar ko'ina. Ni kuma na tattara na koma Jamaica. Baba bai kore ni ba, har jakata ya sauko min da ita, amma bai sake kirana Karaci ba. Tun daga lokacin, idan na yi masa sallama yana amsawa daidai gwargwadon abin da addini ya wajabta, ba ƙari.

Azumin da ya biyo baya babu koko. Aka ce mai bayarwar ya mutu ko ya bar gari. Ban ji wanda ya haɗa abu biyun ba, ko kuma wanda ya haɗa ya yi shiru, kamar ni.

Da saƙon matar nan kaɗai ne, da na ci gaba da shiruna. Amma ranar Asabar da ta wuce na je buɗa-baki a masallacinmu na Highbridge. Yanzu abinci a robobi yake zuwa daga gidan abinci, har ya yi saura, ana roƙon mutane su tafi da shi. Labarin mutuwar Kolin ya taso. Isuhu, da furfurarsa da shagonsa na kansa yanzu, ya ce Anasaran nan namiji ne, shi kaɗai ya iya taka wa masu zuwa cin ƙosai kawai birki, ya ba yaran da ba a haifa ba a lokacin labarin sifili, suna ta dariya. Baba yana zaune a kujera saboda ƙafarsa, bai fi taku huɗu da Isuhu ba. Ya ji. Yana ɓare lemo, bai ɗago ba. Ni ma ina wurin, da cokali a hannu, kuma na sake yin shiru. A jirgi ina komawa na ji kunyar kaina irin wadda ban taɓa ji ba.

'Yar Kolin na ba ta amsa da layi uku. Na ce mahaifinta ya horar da mu bazara ɗaya, bai taɓa makara ba, kuma mun ci wasan da ya shirya mu dominsa. Na ce in tana so ta ƙara mu a jerin. Duk gaskiya ne. Ban gaya mata cewa ban yafe masa ba. Ban kuma gaya mata cewa abin da na fi ƙinsa a kai shi ne tambayar da ya yi min a ƙarƙashin gada ba, domin da bai tambaya ba, da laifin duka nasa ne, in huta.

Na san da wannan rubutun na karya amana. Na auna, na sake aunawa, ban tabbata na yi daidai ba. Ban nemi izinin Baba ba saboda na san amsar. Ina dai so duk wanda ya sha kokon nan ya san hannun da ya dama shi, Isuhu musamman, kuma ina roƙon kada kowa ya je yi wa Baba godiya, ba ya so. A daina ba da labarin sifili kawai.

Waɗanda suka halarci wannan azumin, idan na sauya rana, ko na sa wa wani maganar da ba tasa ba, ko na tsananta wa mamaci fiye da abin da ya yi, su aiko min da gyara ta hannun limaminmu, zan karɓa in gyara a fili. Baba Alhassan kuwa, idan an karanta masa wannan, ya fi kowa ikon cewa na yi kuskure, da na yi shiru a da, da na yi magana yanzu. Ina sahu na uku duk Juma'a, wajen taga. Ya kira ni ya yi min faɗa a gaban kowa, zan tsaya har ya gama.